Kwanson Harsashin Bindigar Farauta: Yadda Ake Tantance Shi da Haɗarin Sake Cika Shi

Harsashin bindigar farauta, mai baki ɗaya ko mai baki biyu, abubuwa biyar ne aka haɗa wuri guda: kwanso, makunni, albarushi, matoshi da ƙwayoyin dalma. Da zarar an ja kunama, makunni ya yi tartsatsi, albarushi ya kama, matoshi ya tura dalma ta fice ta bakin bindiga. Kwanso ne kaɗai ke saura, kuma shi ne kaɗai ake iya sake amfani da shi. Saboda haka a ƙasashen da doka ta yarda mutum ya cika harsashinsa da kansa, zaɓen kwanso shi ne matakin farko, kuma duk sauran ma'aunai a kansa suke dogara.

Wannan batu ya shafi yankin Funtua da Malumfashi kai tsaye. Daga Bakori zuwa Ɗanja, daga Ƙafur zuwa Ɗandume, ƙasa ce ta masara, dawa, auduga da waken soya, kuma farauta tsohuwar abokiyar noma ce a nan. Da damina a kori birai da gafiya daga gona, bayan girbi a shiga daji neman zomo, fakara da zabin daji. Bindigogin da ke hannun maharba iri biyu ne. Akwai adaka, wadda wasu ke kira bindigar toka, da ake ɗura wa albarushi ta baki, ita ba ruwanta da kwanso. Akwai kuma wadda ake karyawa a saka mata harsashi ta gindi. Harsashin wannan ta biyun daga ƙetare ake shigo da mafi yawansa, farashinsa kuma yana bin dala, shi ya sa tsohon kwanso ke ba mai ƙaramin ƙarfi sha'awa.

Aikin kwanso a cikin bindiga

A ido, kwanso ɗan bututun roba ne mai gindin ƙarfe. A cikin bindiga kuwa aikinsa ya wuce riƙe kaya. A daidai lokacin da albarushi ya kama, kwanso yana buɗewa ya manne da bangon mazaunin harsashi, ya toshe hanyar baya don kada wuta da hayaƙi su dawo fuskar maharbi. Naɗin bakinsa kuma yana riƙe dalma na ɗan ƙiftawar ido, har albarushi ya sami damar ƙonewa yadda ya kamata. Naɗin da ya yi sako-sako yana sa harbi ya yi rauni, wanda ya yi tsauri da yawa kuma yana ɗaga matsi.

Matsin da ake magana a kai ba ƙarami ba ne. Ƙungiyar SAAMI, wadda masu ƙera bindigogi da harsasai na Amurka suka kafa a 1926, ta ƙayyade laba 11,500 a kan kowane murabba'in inci a matsayin iyakar harsashin geji 12 mai tsawon milimita 70. Iskar tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce laba 35 ba. Wato abin da ke faruwa kusa da kumatun maharbi ya ninka matsin taya fiye da sau 300, kuma kwanso na cikin abubuwan da ke tsare shi.

Daga takarda zuwa roba

Casimir Lefaucheux, maƙerin bindiga ɗan Faransa, yana cikin waɗanda suka fara haɗa harsashi a kwanso guda a shekarun 1830. Daga baya aka yi kwanson tagulla zalla, sannan na takarda mai kauri da aka shafe da kaki, mai gindin tagulla, wanda ya mamaye kasuwa kusan ƙarni guda. Matsalar takarda ita ce laima: tana shan danshi ta kumbura har ta ƙi shiga bindiga, ko ta shiga ta ƙi fita. Wuta kuma tana cin ta ta saman gindi, bayan cikawa biyu ko uku sai a ga ƙananan huji sun bayyana.

A 1960 kamfanin Remington ya fito da kwanson roba, a 1965 kuma Winchester ya fito da samfurin AA, wanda ya yi suna a wajen masu sake cikawa saboda ƙarkonsa. A yau kusan duk harsashin farauta na roba ne, ciki har da na kamfanonin Turai irin su Fiocchi na Italiya, Cheddite na Faransa, Rio na Sifen da Eley na Ingila. Gindin da ake wa kallon tagulla, a mafi yawan harsasan zamani baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufi mai ruwan tagulla. Mayen ƙarfe yana kama shi nan take, tsatsa ma haka.

Mutane da yawa suna ɗaukar kwanso mai dogon gindi a matsayin mafi ƙarfi. Kallon kitse ne ake yi wa rogo. Dogon gindi gado ne daga zamanin takarda, lokacin da ake buƙatar ƙarfe ya kare takardar daga ƙuna. A kwanson roba, tsawon gindi bai nuna juriyar kwanso ba. Abin da ke ciki ne ma'auni.

Geji da tsawo

Abu na farko da ake dubawa shi ne geji, wato faɗin bututun bindiga. Lissafinsa tsoho ne: idan aka raba laba ɗaya ta dalma, kimanin giram 454, zuwa dunƙule 12 daidai wa daida, faɗin dunƙule ɗaya shi ne geji 12, kusan milimita 18.5. Geji 20 kuwa kusan milimita 15.6 ne. Lamba tana ƙaruwa, bututu yana ƙanƙancewa. Geji 12 ya fi kowane yawa a duniya, a Nijeriya ma shi aka fi gani.

Cakuɗa geji na cikin manyan musabbaban fashewar bindiga. Harsashin geji 20 idan ya shiga bindiga mai geji 12, yana zurmawa gaba ya maƙale a cikin bututu, ya bar mazauni fayau kamar babu komai. Maharbi ya saka na geji 12 a bayansa ya harba, bututu ya tsage a daidai inda hannun hagu yake riƙe. Wannan ne ya sa kamfanonin Amurka ke yin kwanson geji 20 da launin rawaya, don a gane shi tun daga nesa.

Na biyu shi ne tsawo. Akwai na milimita 65, 70, 76 da 89, kuma ana auna tsawon ne bayan an harba, lokacin da baki ya buɗe. Harsashin milimita 76 da ba a harba ba yana shiga bindigar da aka yi don milimita 70 ba tare da gardama ba, amma in an harba, bakinsa ba ya samun wurin buɗewa, sai ya matse hanya matsi ya hau. Tsofaffin bindigogin Ingila da yawa, irin waɗanda aka gada daga kakanni tun zamanin Turawa, mazauninsu milimita 65 ne. Bindigar kamfani tana ɗauke da rubutu a ƙarƙashin bututu, misali 12/70, wanda ke nuna geji da tsawo tare.

Siffar ciki

Kwanso biyu suna iya zama launi ɗaya, geji ɗaya, tsawo ɗaya, amma cikinsu ya sha bamban. Idan aka tsaga kwanso a tsaye da wuƙa, za a ga ɗayan siffofi biyu. Na farko bangonsa yana ƙara kauri yayin da yake gangarowa, cikinsa ya tsuke a ƙasa kamar ƙoƙo. Samfurin STS na Remington da tsohon AA na Winchester haka suke, roba guda ce daga baki har gindi. Na biyu bangonsa a miƙe yake sambal, an yanko shi daga dogon bututun roba, sannan aka dasa masa wani ƙullu daban a ƙasa, na roba ko na nannaɗaɗɗiyar takarda. Yawancin kwansunan Turai wannan siffa ce da su.

Bambancin yana da nauyi saboda faɗin ciki ne ke tsara matsi. Adadin albarushin da ya yi daidai a kwanso mai faɗin ciki yana iya yin yawa a mai tsukakken ciki. Matoshin da aka yi don wannan ba ya rufe wancan da kyau. Ramin makunni ma ba ɗaya ba ne: makunnin Turai ya ɗan fi na Amurka kauri, ramin da ya saba da shi ba ya riƙe na Amurka gam.

Saboda haka masu sake cikawa a Amurka, waɗanda yawancinsu masu wasan harbin faifan yumɓu ne da ke ƙona ɗaruruwan harsasai a mako, ba sa aiki da ƙiyasi. Kamfanonin albarushi irin su Hodgdon da Alliant, da littafin jagora na kamfanin Lyman, suna buga jadawalin da aka gwada a ɗakin awo: kwanso kaza da makunni kaza, matoshi kaza, nauyin albarushi da na dalma kaza. Ƙa'idar ita ce ba a musanya ko ɗaya daga ciki, kuma da sikeli ake awo. Kwanson da ba a san kamfaninsa ba, ba shi da jadawali, don haka ba a cika shi.

Alamun kwanson da ya gaji

Ko kwanso mafi inganci yana da iyaka. Mai roba guda yana iya kai cikawa goma ko kusa da haka, mai ƙullu daban ba ya kai nan, na takarda kuwa shi ne mafi saurin mutuwa. Mai tantancewa yana fara duba baki: idan ya ƙone, ya yi baƙi, ya bushe yana tsagewa a layukan naɗi, ba zai sake rufuwa da ƙarfi ba. Sai ya murza jikin a tsakanin yatsu, ya ɗaga shi sama ga haske, yana neman tsaga ko huji. Sai gindi: tsatsa, kumburi, lanƙwasar leɓe, ko baƙin hayaƙi kewaye da makunni, wanda ke nuna wuta ta taɓa tsiyaya ta baya.

Aibin da ya fi haɗari shi ne wanda ba a gani daga waje. Ƙullun da ke ƙasan kwanso mai miƙaƙƙen bango yana iya saki, musamman na takarda da ya sha ruwa ya bushe. In ya ɓalle lokacin harbi, yana iya tsayawa a tsakiyar bututu, harbi na gaba ya tarar da hanya a toshe. Wannan ne dalilin da gogaggu ba sa ɗaukar kwanson da aka tsinta a ƙasa. Haka kuma duk harbin da ya yi ƙara maras ƙarfi, ana karya bindiga a leƙa bututu kafin a sake saka wani.

Yanayin kudancin Katsina yana gaggauta wannan lalacewa. Yankin Funtua ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, kuma danshin watan Agusta yana shiga rumbu da ƙarƙashin gado, ya kama gindin ƙarfe da tsatsa. Zafin bazara a ɗakin kwano yana busar da roba ta yi gautsi, ƙurar hunturu kuma tana taruwa a cikin buɗaɗɗen kwanso. Kwanson da ya kwana biyu a kunyar masara, ko da ya yi kyau a ido, ya riga ya tashi daga aiki.

Albarushi, bindigar maƙera da dalma

Albarushi iri biyu ne. Baƙin albarushi mai hayaƙi shi ne na adaka. Maras hayaƙi, wanda Paul Vieille ya ƙirƙiro a Faransa a 1884, shi ne a cikin harsasan kamfani, kuma ƙarfinsa ya ninka na baƙin. Auna maras hayaƙi da ma'aunin baƙi, ko zuba shi a adaka, yana fasa bindiga. A cikin maras hayaƙin ma akwai mai saurin ƙuna da mai jinkiri, kuma ido ba ya bambance su.

Bindigar kanta wani ɓangare ne na lissafin. A ƙasashen da ke cikin hukumar CIP, wadda aka kafa a 1914, ba a sayar da bindiga sai an gwada ta da harsashi mai ƙarfi fiye da na yau da kullum an buga mata hatimi; gidan gwaji na Birmingham yana wannan aiki tun 1813. Bindigar da maƙeri ya haɗa da bututun ƙarfe ba ta bi ta wannan gwaji ba. Idan ta haɗu da tsohon kwanso da albarushin da aka auna da ido, babu ko ɗaya cikin ukun da aka san iyakarsa, kuma yatsu da idanu ne ke biyan kuɗin.

Narka dalma a gida don yin ƙwayoyi yana da nasa haɗarin. Ƙurarta da tururinta guba ne, musamman ga ƙananan yara. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da ƙwayar dalma tun 1991, Tarayyar Turai kuma ta hana amfani da ita a fadamu daga 2023.

Abin da doka ta tanada

Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Makaman yaƙi sai da izinin Shugaban Ƙasa. Bindigar farauta ta kamfani sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Adaka kuwa Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ne ke ba da lasisinta. Mallakar harsashi a ɗaure take da lasisin bindigar da aka saye shi dominta. Ƙera harsashi ko haɗa shi kuma dokar ta keɓe shi ga ma'ajiyar makamai ta gwamnati da masana'antun da aka amince wa, irin DICON ta Kaduna da aka kafa a 1964. Sake cika kwanso haɗa harsashi ne, don haka abin da yake sha'awa halattacciya a Amurka laifi ne a Funtua ko Malumfashi.

Matsalar 'yan bindiga a Faskari, Sabuwa, Ƙanƙara da maƙwabtansu ta ƙara tsananta sa ido a kan harsashi, kuma a 2021 gwamnatin tarayya ta kafa cibiya ta musamman don daƙile yaɗuwar ƙananan makamai. Ga maharbi mai lasisi, amfanin sanin kwanso shi ne ya tabbatar geji da tsawo sun dace da bindigarsa, ya sayi harsashi a hannun dillali mai rajista, ya gane wanda aka sake cikawa ta karkataccen naɗi, ƙunar baki ko ɗigon kyandir da aka toshe shi da shi, ya ajiye nasa a busasshen wuri nesa da yara. Kwansunan da ya harba kuma ya tattara su ya lalata, domin roba ba ta ruɓa a gona, kuma lalataccen kwanso ba ya komawa hannun mai cikawa.