Kula da Lambun Gida daga Hunturu zuwa Damina

Shekarar mai lambun gida a ƙasar Hausa tana farawa ne da kaka. Da ruwa ya ɗauke a watan Oktoba ake yafa irin tumatir, albasa, latas da kabeji a ɗan fangali, a dashe su bayan 'yan makonni. Karas kuwa a inda zai zauna ake shuka shi, don ba ya son dashe. Sanyin hunturu shi ne gatan waɗannan kayan lambu, amma iskarsa busasshiya ce, tana shanye danshin ƙasa ko da rana ba ta yi zafi ba, don haka ba a sakaci da ban ruwa.

Bazara ce mai wuya. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, furen tumatir ya riƙa zubewa bai ƙulla 'ya'ya ba, latas ya yi tsiri ya yi ɗaci. A wannan lokaci rufe ƙasa ya fi yawan zuba ruwa amfani. Ana shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko karmami a gindin shuka, a bar ɗan rata tsakaninsu da kara saboda gara. Wanda ya ɗaga ciyawar da azahar zai tarar da ƙasa a jiƙe da sanyinta, alhali ta gefe ta yi ƙuna har ba ta takuwa. Da asuba ko da yamma ake ban ruwa, a gindi, a ƙosar da ƙasa sosai, domin yayyafi a sama yakan sa saiwa ta tsaya a inda zafi ya fi yawa. 'Yar rumfar zana kan kare ƙananan tsirrai daga ranar yamma.

Kashin kaji da na shanu sai sun ruɓe ake zuba su, ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi.

Da damina ta sauka, sai a koma kan kuɓewa, alayyafo, rama, yakuwa da lalo, a ɗaga kunya don kada ruwa ya kwanta. Lokacin dashen mangwaro, gwaiba, lemo da zogale ke nan, saboda su kama ƙasa kafin rani. Gidan da aka malale da siminti ma yana iya noma su alayyafo a buhu, muddin an huda ƙasansa ruwa ya samu hanyar fita.