Maganar 'Yan Biyu: Gwarancin Tagwaye da Tsarin Reno a Gidan Bahaushe

1.0 Gabatarwa

Iyayen da ke renon tagwaye 'yan shekara biyu zuwa uku sukan ce yaransu suna da nasu yare. Wasu kan faɗi haka cikin alfahari, wasu kuwa cikin damuwa. Hassan zai furta wasu sautuka da mahaifiyarsa ba ta gane ba, sai a ga Hussaini ya miƙe ya ɗauko takalmi, ko kuwa ya bushe da dariya. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana asalin wannan magana da ke gudana tsakanin tagwaye. Abin da za a nuna shi ne, ba wata baiwa ce ta ɓoye ba, kuma ba sabon harshe ba ne. Gwarancin yara ne na yau da kullum, wanda yanayin reno ya ba shi damar daɗewa fiye da kima.

Batun ya shafe mu a Nijeriya fiye da yawancin ƙasashe. Binciken da Monden da Pison da Smits suka wallafa a 2021 ya nuna cewa a duniya baki ɗaya, cikin kowace haihuwa 1,000 ana samun ta tagwaye kusan 12. Amma tun a 1969 likita P. P. S. Nylander ya ba da rahoton adadin da ya kai kimanin 45 cikin 1,000 a Igbo-Ora ta ƙasar Yarabawa, garin da ke cikin Jihar Oyo a yau. Ke nan, abin da yake baƙo a wasu ƙasashe, mu a nan kusan kowace unguwa tana da shi.

2.0 Tagwaye a Idon Bahaushe

Bahaushe yana da kalmomi biyu, wato "tagwaye" da "'yan biyu", kuma tun ranar suna al'ada take haɗa yaran wuri guda. In maza ne a ce Hassan da Hussaini, in mata ne Hassana da Hussaina, in kuwa namiji da mace ne a haɗa ɗaya daga can ɗaya daga nan. Wanda aka haifa bayansu shi ne Gambo. Abin lura a nan shi ne, jikokin Manzon Allah (SAW) da aka ari sunayensu ba tagwaye ba ne, domin an haifi Hassan a shekara ta 3 bayan Hijira, Hussaini kuma a ta 4. Kusancinsu da kamancin lafazin sunayen ne suka sa al'ada ta keɓe su ga 'yan biyu. Yarabawa kuwa wata hanya suka bi. Sunayen Taiwo da Kehinde ba su yi kama a furuci ba, kowanne yana bayyana yadda mai shi ya zo duniya ne, sa'an nan Idowu da Alaba su biyo baya.

Akwai kuma camfe-camfe. Ana cewa 'yan biyu suna iya tura wa mutum kunama in ya ɓata musu rai, ko su hana tukunya tafasa. Tremearne ya ambaci wannan dangantaka ta tagwaye da kunama a littafinsa na 1913 a kan camfe-camfen Hausawa. Daga nan ne aka sami ƙa'idar cewa duk abin da aka yi wa ɗaya sai an yi wa ɗayan: riga iri ɗaya, kwano iri ɗaya, kyauta daidai wa daida. Ba gaskiyar camfin ko ƙaryarsa ba ce damuwar mai nazarin harshe. Abin da ya dame shi shi ne tasirinsa, domin gidan da ya riga ya yarda cewa yaran nan ba kamar sauran yara suke ba, in ya ji suna wata magana da ba a fahimta, sai ya ɗauke ta a matsayin wani ɓangare na baiwarsu, ya ƙyale ta. Ba mai gyara musu, wasu ma har tsoron gyarawar suke yi.

3.0 Zaurance ne ko Gwaranci?

Sau da yawa akan ji ana kwatanta maganar tagwaye da zaurance. Kwatancen bai dace ba. Zaurance wasa ne na wanda ya riga ya naƙalci harshe, yana ɗaukar cikakkiyar kalma ya cusa mata gaɓoɓi bisa ƙa'ida don ya ɓad da bami, kamar haka:

(1) gida → gididada
zo nan → zodo nadan

Mai zaurance ƙari yake yi, kuma da gangan. Yaro mai koyon magana kuwa ragi yake yi, ba don ya so ba, sai don gaɓoɓin furucinsa ba su gama ƙwarewa ba. Ga irin abin da ake ji a bakin yaran Hausawa, tagwaye ne ko ba tagwaye ba:

(2) ƙofa → kofa
tsaya → caya
ɗauka → dauka
ruwa → wuwa
takalmi → kammi

A misalai uku na farko tunkuɗau da haɗiyau sun rasa hamzarsu. A na huɗu kinin wasali ya maye gurbin /r/ ta hanyar naso. A na biyar an shafe gaɓar farko, sa'an nan /l/ ta nashe cikin /m/. Abin da yaro ba ya saurin yarwa shi ne karin sauti da tsawon wasali, kuma da su ne uwa ke kama ma'ana. In yaro ya ce "wawa" da gajeren wasali a farko, uwar ta san "rawa" yake nufi, ba zagi ba, domin kalmar zagin tana da dogon wasali.

To, ina bambancin tagwaye? Yaron da yake shi kaɗai, duk wanda ke kewaye da shi ya fi shi iya magana. In ya ce "wuwa", za a amsa masa da "Ruwa kake so?", ya ji daidaitacciyar siga sau goma a wuni, a hankali ya gyara. Tagwai kuwa, wanda ya fi kowa zama da shi ɗan'uwansa ne, wanda shi ma "wuwa" yake cewa. Kowanne ya zama malamin ɗaya, alhali dukansu ɗalibai ne. A ce Hassana ta kira mota "toto", Hussaina ta karɓa, gobe kuma ta faɗaɗa kalmar ta haɗa da keke da amalanke, jibi kalmar ta koma nufin "mu fita waje". Cikin 'yan makonni an sami kalmar da ba mai gane ta sai su biyu, ga shi kuwa daga "mota" ta samo asali. Wannan shi ne abin da masanin halayyar ɗan'adam na Faransa, René Zazzo, ya kira ɓoyayyar magana a littafinsa na 1960. Peter Bakker, wanda ya kwatanta irin waɗannan maganganu guda 9 a 1987, ya gano cewa mafi yawan kalmominsu daga harshen manyan gidan suka fito, an dai sauƙaƙa furucinsu ne, aka kuma zubar da ƙwayoyin ma'ana na nahawu.

4.0 Jinkirin Magana da Dalilansa

Tun a 1932 Ella Day ta yi nazarin tagwaye 'yan shekara 2 zuwa 5 a Amurka, ta ga jumlolinsu sun fi na tsaransu gajarta. An daɗe ana ɗora laifin a kan haihuwa, da yake tagwaye da dama kan zo bakwaini ko da ƙarancin nauyi. Wannan yana da nasa tasiri. Amma binciken da Michael Rutter da Karen Thorpe da abokan aikinsu suka wallafa a Ingila a 2003 ya sauya akalar zancen. Sun iske tagwaye suna bayan sauran yara da wata 1.7 a lokacin da suke da wata 20, tazarar kuma ta kai wata 3.1 a lokacin da suka cika shekara 3. Da suka bi diddigi, ba matsalolin ciki da haihuwa ne suka bayyana tazarar ba, sai irin hulɗar da ke tsakanin iyaye da yaran. Kafin su, Tomasello da Mannle da Kruger sun nuna a 1986 cewa maganar da uwa ke fuskantar kowane tagwai da ita, shi kaɗai, ba ta kai wadda ɗa guda ke samu ba, kuma ta fi karkata ga umurni da hani.

Duk macen da ta yi renon 'yan biyu ba ta buƙatar wani masani ya gaya mata dalili. Tana yi wa ɗaya wanka ɗayan yana jan murfin tukunya. Tana ba wannan kunu wancan ya nufi bakin rijiya. Zancen da za ta iya yi a wannan hali bai wuce "Ku bari!", "Ku zo nan!", "Wa ya zubar?" ba. A lura da wakilin sunan: "ku" ne, ba "kai" ko "ke" ba. Hirar uwa da ɗa mai mutum biyu ta koma ta mutum uku, kuma in uwar ta yi tambaya, wanda ya fi baki shi ke amsawa a madadin duka biyun. Haka ake wayar gari ɗaya ya zama kakaki, ɗayan kuma ana cewa miskili ne.

Aikin da ya fi fito da wannan fili shi ne na Luria da Yudovich na ƙasar Rasha, wanda aka buga a 1956, aka fassara shi zuwa Ingilishi a 1959. Tagwaye ne maza 'yan shekara 5, waɗanda maganarsu ba ta da ma'ana sai ga wanda yake ganin abin da suke yi a lokacin. Aka raba musu aji a makarantar reno, aka kuma ba ɗaya horo na musamman. Cikin wata 3 dukansu biyu suka fara gina cikakkun jumloli, har da wanda bai sami horon ba. Bukatar su fahimtar da wanda ba ɗan'uwansu ba ita ce ta buɗe musu baki.

5.0 Gidan Gandu da Gidan Ma'aikaci

A ganina, a nan ne tsarin zaman Hausawa na gargajiya ya cancanci a sake dubansa. A babban gida uwar 'yan biyu ba ita kaɗai ke reno ba. Akwai kaka, akwai kishiya, akwai matan 'yan'uwan miji, akwai 'yan mata masu goyo. Baya ɗaya ba ya ɗaukar yaro biyu, saboda haka in Hassan yana bayan uwarsa, Hussaini yana bayan wata, kuma wannan watan za ta kai shi gidan maƙwabta ko wajen talla, ya ji maganar da ɗan'uwansa bai ji ba. Da dare akwai tatsuniya, da rana akwai wasannin tsakar gida da yaran da suka girme su. In lokacin yaye ya zo, kaka ce ke karɓa. Wato rabawar da Luria ya shirya da gangan a makaranta, gidan gandu yana yin irinta kullum ba tare da ya sa mata suna ba. Har ma kunyar ɗan fari, wadda kan hana uwa kiran sunan yaro ko yi masa wasa a gaban mutane, ba ta zama illa a irin wannan gida, domin akwai bakuna da yawa da za su cike gurbinta.

Sai a kwatanta da gidan ma'aikacin da aiki ya kai shi Ibadan ko Fatakwal ko Inugu. Ɗaki biyu ne da falo, maigida yana ofis tun safe, dangi suna nisan tafiyar wuni guda ko fiye. In tagwayen 'yan fari ne, ga kunya ga rashin mataimaki. Na lura a gidajen ma'aikata 'yan Arewa da ke nan Kudu cewa mafita mafi sauƙi ga uwa ita ce ta zaunar da yaran gaban talabijin ko ta miƙa musu waya, tun da dai suna da abokin wasa. Wannan "suna da abokin wasa" shi ne tarkon. Shirun da uwa ke samu, sa'o'i ne da ba wani babba da ya yi wa yaran magana da Hausa.

Ga kuma cakuɗar harsuna. Mai aikin gida tana yi musu Yarabanci ko buroka, makarantar reno tana yi musu Ingilishi, iyaye suna yi musu Hausa. Gwarancin da zai fito daga nan zai ɗebo daga kowace rijiya, shi ya sa ya fi wuyar ganewa. An ga irin haka a San Diego ta Amurka a shekarun 1970, inda wasu tagwaye mata da aka fi sani da Poto da Cabengo suka ja hankalin jaridu, daga baya masana suka tabbatar cewa Ingilishin iyayensu ne ya gauraya da Jamusancin kakarsu. Sai dai kada a ɗauka cewa yawan harsunan ne ke jawo jinkiri. Barbara Pearson da abokan aikinta sun nuna a 1993 cewa in aka haɗa kalmomin da yaro mai harshe biyu ya sani a harsunan duka, ba ya kasa tsaransa masu harshe ɗaya. Saboda haka shawarar da wasu malaman makarantun reno kan ba iyaye, cewa su daina yi wa tagwaye Hausa a gida "don kada su rikice", ba ta da madogara. Abin da za ta haifar kawai shi ne yaran da za a kai su gida hutun Sallah su kasa gaida kakarsu.

Abin da ya fi amfani bai da tsada. A riƙa kiran kowane yaro da sunansa, a tambaye shi shi kaɗai, a jira amsarsa ko da ɗan'uwansa ya riga shi. In maigida zai je masallaci ko sayen burodi, ya ɗauki ɗaya yau, gobe ya ɗauki ɗayan, adalcin da al'ada ke nema ya cika ke nan ta hanyar karɓa-karɓa. In yaro ya ce "toto", a amsa masa da "Mota ce, babbar mota", ba tare da tsawa ko kwaikwayonsa ba. Amma yaron da ya cika shekara 2 kalmominsa ba su kai 50 ba a duk harsunan da yake ji, ko bai fara haɗa kalma biyu ba, ko kuwa ba ya waiwayowa in an kira shi ta baya, bai kamata a ce halin 'yan biyu ne a zuba ido ba. A kai shi asibiti a auna jinsa, musamman in an haife shi bakwaini ko ya yi shawara mai tsanani yana jariri.

Ga ɗalibanmu da ke son ɗaukar wannan batu a kundayensu, akwai sharuɗɗa biyu. Na farko, a rubuta karin sauti da tsawon wasali a kowace kalma da aka naɗa, domin in babu su ba za a iya mayar da "wawa" ga "rawa" ba. Na biyu, a naɗi kowane tagwai a yanayi uku: shi da ɗan'uwansa, shi da mahaifiyarsa, da kuma shi da wani babba da ba ɗan gidan ba.