Na'urar Leƙa Cikin Mutum Da Amfaninta Ga Mazauna Bakin Tafkin Kainji

Duk wanda ya sauka garin Wara, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Ngaski, da hantsi, abin da idonsa zai fara cin karo da shi shi ne ruwa da jama'a a cikinsa. Ga masunta suna jan taru, ga mata suna wanki da wanke-wanke, ga kuma yara suna ta kurme a tsakanin jiragen kwale-kwale. Haka abin ya ke a Yelwan Yawuri da ƙauyukan Shanga. Tun daga shekarar 1968 da aka gama madatsar ruwa ta Kainji, Kogin Kwara ya tumbatsa ya zama tafki, ya haɗiye gungaye da gonaki, har aka sake wa mutum fiye da 40,000 matsuguni, wannan ruwa ya zama gona, ya zama hanya, ya zama kasuwa ga Gungawa da Kambari da Sarkawa da sauran maƙwabtansu.

To, amma fa a cikin ruwan nan ne kuma a ke kwasar tsargiya, watau cutar fitsarin jini. Ita ce ta sa ya wajaba mutanen wannan yanki su san wata na'ura da likitoci ke kira endoskof, wadda da ita a ke leƙa cikin jikin mutum a ga abin da ke damunsa ba tare da an tsaga shi ba.

YADDA TSARGIYA KE ƁARNA

Wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz shi ne ya gano tsutsar da ke kawo tsargiya, a birnin Alƙahira cikin 1851. Idan mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar sai su ƙyanƙyashe su shiga jikin wasu ƙananan dodon koɗi masu son ruwa kwantacce da ciyayi. Bayan 'yan makonni sai su fito da yawan gaske, su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan, su bi jini, su je su girma a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara. A nan za su zauna shekara da shekaru suna zuba ƙwai. Wasu ƙwayayen su fita tare da fitsari da jini, wasu kuwa su maƙale a bangon mafitsara su yi ta cin wurin.

A wurare da yawa na ƙasar Hausa an daɗe ana ɗaukar fitsarin jini ga yaro namiji a kan alamar balaga ce. Wannan kuskure ne babba. Tun a 1911 wani likita a Alƙahira, A. R. Ferguson, ya lura da dangantakar tsargiya da ciwon dajin mafitsara, sa'an nan a 1994 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya tsutsar a cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa shi. Ke nan yaron da aka bari da cutar yau, ya kuma ci gaba da ɗaukarta, yana iya zama magidancin da zai kwanta da ciwon daji bayan shekara talatin.

Gano tsargiya ita kanta ba shi da wuya. Gwajin fitsari a madubin likita ya isa, maganinta kuwa, watau Praziquantel, ƙwaya ce da a ke auna wa mutum gwargwadon nauyinsa ko tsawonsa, a kan kuma raba ta kyauta ga 'yan makaranta. Inda na'urar leƙa ciki ke shigowa shi ne sa'ad da aka sha magani jini bai tsaya ba, ko kuwa babban mutum ya wayi gari yana fitsarin jini, ko da babu zafi ko kaɗan.

ASALIN NA'URAR

Likitoci sun daɗe suna neman hanyar ganin abin da fata ta rufe. A 1806 Philipp Bozzini na birnin Frankfurt ya ƙera wani bututu mai kyandir da madubi. A 1853 wani Bafaranshe, Antonin Desormeaux, ya kyautata shi da fitila, shi ne kuma ya raɗa masa sunan da a ke kiransa da shi har yau. A 1868 Adolf Kussmaul ya nemo wani ɗan wasa mai haɗiye takobi, ya zura masa miƙaƙƙen bututun ƙarfe har cikin tumbi, sai dai duhu ya hana shi ganin abin kirki. Maximilian Nitze ya fito da na'urar leƙa mafitsara a 1879.

Babban ci gaba ya zo ne da aka gano cewa siraran zaruruwan gilashi, waɗanda ba su kai kaurin gashi ba, suna iya ɗaukar haske da hoto ko da an lanƙwasa su. A 1957 Dokta Basil Hirschowitz, a Jami'ar Mishigan ta Amurka, ya haɗa irin wannan na'ura mai lanƙwasuwa, ya kuma fara gwada ta a kan kansa, ya haɗiye ta, kafin ya gwada a kan majinyaci. Daga 1983 aka fara sa ɗan ƙaramin idon kyamara a bakin bututun, hoto yana fitowa a allon talabijin. A 2001 kuma aka amince da wata kyamara mai girman ƙwayar magani, wadda mutum zai haɗiye ta yi ta ɗaukar hoton ƙaramin hanji har ta fita.

Na'urar yau igiya ce mai laushi, kaurinta bai wuce na ɗan yatsa ba. Tana da fitila da kyamara a baki, da kuma wata siririyar kafa wadda ta cikinta likita ke hura iska, ko ya zuba ruwa, ko ya zura ɗan hantsaki ya tsakuro nama don a kai ɗakin gwaji.

INDA A KE AMFANI DA ITA

Idan mafitsara za a duba, sai a shafa maganin kashe zafi a hanyar fitsari, a zura siririn bututu, a cika mafitsarar da ruwa mai tsabta don ta buɗe. A cikin 'yan mintoci likita zai ga bangonta sarai. Inda ƙwayayen tsargiya suka taru ya kan yi kama da an barbaɗa rairayi. Idan an tarar da tsiro, ta wannan hanya ce a ke yanko shi, in ƙarami ne ma a kankare shi gaba ɗaya. Har tsakuwar mafitsara a kan farfasa ta haka.

Akwai kuma wata irin tsargiya ta hanji, wadda ƙwayayenta ke taruwa a hanta su ƙeƙasar da ita. Idan jini ya kasa ratsa hanta, sai saifa ta kumbura, jijiyoyin da ke ƙasan maƙoshi su cika su yi tsuru-tsuru, wata rana ɗaya ta fashe mutum ya kama aman jini. Ciwon hanta mai daɗewa shi ma yana kawo haka. Da na'urar da a ke zurawa ta baki likita kan ga jijiyoyin, ya ɗaure su da 'yan ƙananan zobban roba, jini ya tsaya.

Ita dai wannan ta baki da ita a ke tabbatar da gyambon ciki. Mutane da yawa su kan shekara goma suna sayen maganin olsa a kemis alhali ba wanda ya taɓa ganin gyambon. A 1982 wasu likitoci biyu na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, sun gano daga naman da aka tsakuro da na'urar cewa wata ƙwayar cuta ce ke kawo yawancin gyambon, kuma maganin mako biyu yana iya kashe ta. Wannan aiki ya jawo musu lambar Nobel a 2005. Har wa yau, yawan shan ƙwayoyin ciwon jiki, wanda ya zama ruwan dare ga masu aikin ƙarfi, yana cin bangon tumbi.

A ƙasar masunta ƙayar kifi kan maƙale a maƙoshi, yara kuma su kan haɗiye tsabar kuɗi ko ƙaramin batir, ko gyaɗa ta sarƙe su ta faɗa hanyar huhu. Duk waɗannan da na'urar a ke zaro su. Ta dubura kuma a kan duba babban hanji a cire ƙananan tsiro tun ba su rikiɗe sun zama daji ba. Bugu da ƙari, tun daga 1985 da Erich Muhe na Jamus ya cire matsarmama ta ƙaramar kafa, likitocin fiɗa sun koma yin ayyuka da dama ta 'yan huda uku ko huɗu a ciki, majinyaci ya tashi cikin kwana kaɗan.

ABIN DA MAJINYACI ZAI SHIRYA

Wanda za a duba ta baki ba zai ci kome ba na tsawon awa shida zuwa takwas. A kan fesa masa maganin kashe zafi a maƙogwaro, wani lokaci a ƙara da allurar da za ta sa shi gyangyaɗi, aikin kuwa ba ya cika wuce minti goma sha biyar. Bututun ba ya toshe numfashi, domin hanyar abinci daban, ta iska daban. Wanda za a duba wa babban hanji sai ya sha maganin wankin ciki tun jajibere. Bayan an gama, a kan ji kaikayin maƙogwaro ko zafin fitsari na kwana ɗaya ko biyu. Huda hanji ko zubar jini na iya faruwa, amma ba safai ba ne a hannun gwani.

Matsalar mutanen Ngaski da Yawuri da Shanga ita ce nisa da kuɗi. Na'urar tana da tsada, tana bukatar wutar lantarki tsayayya, da ƙwararren likita, da ma'aikatan da za su wanke ta da magani bayan kowane majinyaci don kada ta ɗauki cutar wani ta kai wa wani. Saboda haka an fi samunta a manyan asibitocin koyarwa, kamar na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya, da na Malam Aminu Kano a Kano. Mai zuwa Sakkwato daga Yelwa sai ya bi ta Koko da Jega da Tambuwal, ga kuɗin mota, ga na masauki, ga na ɗan rakiya. Wannan ya sa da yawa ba su tashi tafiya sai ciwo ya ci ƙarfinsu, lokacin da ganin tsiron ba zai ƙara kome ba.

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Alamomin da bai kamata a zauna da su a gida ba su ne fitsarin jini ga babba, ko ga yaron da ya sha magani bai daina ba. Aman jini ko baƙin bayan gida mai kama da kwalta. Abinci yana tsayawa a ƙirji. Da rama ba dalili tare da ciwon ciki. Wanda ya ga ɗaya daga cikinsu ya fara da asibiti mafi kusa, ya nemi a gwada shi, in an ba shi takardar zuwa babban asibiti kada ya ajiye ta sai bayan kaka. Iyaye kuwa su bar 'ya'yansu su karɓi maganin tsargiya duk sa'ad da aka zo rabo, a kuma hana fitsari da bayan gida a bakin ruwa, gama ta nan cutar ke komawa tafki.