Takunkumin Ƙwayoyin Gado a Jikin Ƙudan 'Ya'yan Itace

Duk wanda ya tsaya gaban masu sayar da mangwaro a kasuwar Birnin Kebbi da bazara, ya san ɗan ƙaramin ƙudan nan mai jan ido da ke dandazo a kan ruɓaɓɓe. Masana na ce da shi Dorosofila, asalinsa kuwa Afirka ne. Da shi aka warware wata tsohuwar tambaya, watau tun da ƙwayoyin jiki duka umurnin gado ɗaya suke ɗauke da shi, me ya hana wata gaɓa ta ɗauki siffar wata?

Namijin ƙudan yana da jerin gashi mai kama da mataji a ƙafafunsa biyu na gaba kaɗai. A 1947, a Amurka, Pamela Lewis ta sami waɗansu masu mataji har a sauran ƙafafu, aka sa wa ƙwayar gadon da ta ɓaci suna Polikom, mai mataji da yawa ke nan. A 1978 mijinta, Edward Lewis, ya nuna aikinta shi ne hana ƙwayoyin gado masu tsara sassan jiki yin aiki inda ba muhallinsu ba.

Ga yadda abin yake. Zaren gado naɗe yake a kan dunƙulen furotin da ake kira histon, takwas-takwas, kamar zare a mazari; zaren da dunƙulen tare su ne kuromatin. Furotin na Polikom ƙungiya-ƙungiya suke aiki. Ɗaya takan liƙa alamar metil uku a gurbi na 27 na wutsiyar histon H3, abin da aka tabbatar a 2002. Sa'an nan wata ta gane alamar, ta matse zaren har ya ƙi karantuwa. In ƙwaya ta rabu biyu, sai a sabunta alamar a kan sababbin histon, saboda haka 'ya'yanta su gaji hanin.

A nan malami mai koyarwa da Hausa ya kamata ya kula da lafazi. Cewa an kashe ƙwayar gado kuskure ne, gama babu harafi ɗaya nata da ya canja. Takunkumi aka sa mata. Kwatancin da ya fi kusa yana Argungu, inda ake hana su a Matan Fada sai ranar buki. Kifi na nan, hanin kuwa na wuri ne da lokaci. Ƙwayar gadon da aka kame a kan ƙuda, ita ce ke aiki a cikinsa.