Unguwar da Ba a Shiga da Turare

Garin Snowflake yana arewa maso gabashin jihar Arizona a Amurka, a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,700, tafiyar awa uku da wani abu daga birnin Phoenix. Mabiya ɗarikar Mormon ne suka kafa shi a 1878, kuma yawan mutanensa a ƙidayar 2020 ya ɗan haura 6,000. Idan aka bar kwalta aka nufi gabas, sai hanyar burji, da busasshiyar ciyawa, da gajerun itatuwa, da iska mai kaɗawa ba dare ba rana. Can ne, tun ƙarshen shekarun 1980, wasu mutane suka fara tarewa ɗaya bayan ɗaya. Ba dangi ba ne, ba kuma sana'a ce ta haɗa su ba. Abin da ya koro su daga biranensu ɗaya ne: jikinsu ya daina jure warin abubuwan da sauran jama'a ko lura ba sa yi da su.

Turare, sabulun wanki, sabon fenti, maganin ƙwari, hayaƙin mota, tawadar jarida. Kowanne daga cikinsu kan iya jawo musu ciwon kai mai tsanani, da jiri, da sarƙewar numfashi, da kasalar da za ta kwantar da mutum kwana da kwanaki. Likitoci suna kiran lalurar MCS a taƙaice, su kuwa sun fi cewa ciwon muhalli.

Gidajensu sun yi nesa da juna ƙwarai, kowa da filinsa na eka masu yawa, don kada warin wankin maƙwabci ya iso. A ciki ba kafet, ba katakon da aka haɗa da gam, domin irinsa yakan daɗe yana fitar da sinadari. Ƙasa tayil ce, kujeru na ƙarfe ko gilashi. Wasu sukan lulluɓe bango gaba ɗaya da takardar alminiyom, don ta toshe duk abin da ginin zai huro. Ɗaki yakan yi ƙyalli, amma babu wanda ya yi haka don ado.

Wasiƙa ba ta shiga ɗaki ranar da ta zo. Sai an shanya ta a igiya, rana da iska sun cinye warinta. Littafi ma haka, wasu kuma sai cikin akwatin gilashi suke karanta shi. Sabuwar riga takan sha wanki sau da dama kafin ta taɓa jiki, sabuwar mota kuwa ba abin marmari ba ce, an fi neman tsohuwa wadda warin robarta ya gama fita.

Lamarin baƙo shi ya fi taɓa zuciyata. A wajenmu, karrama baƙo shi ne a sa turaren wuta, a miƙo humra. A can, baƙon da yake son a ji daɗin zuwansa sai ya bar duk wani mai da turare tun kwanaki kafin tafiya, ya yi wanka da sabulu mara ƙamshi, wani lokacin ma ya sa kayan da mai gida ya tanadar masa. Ba kowane ɗan'uwa ne ke da wannan haƙurin ba. Shi ya sa zumunci yakan yi rauni, aure yakan mutu, jikoki su girma ba su san kakarsu ba sai ta waya. Da yawansu sun rasa aikinsu, suna dogaro da ɗan kuɗin tallafin naƙasa. Tsakaninsu suke riƙe juna: mai ƙwarin jiki ya shiga gari cefane da takunkumi a fuska, wanda ya daɗe ya koya wa sabon zuwa yadda zai gyara ɗakinsa.

Iskar ma ba kullum take da tsabta ba. Gobarar daji takan turnuƙe yankin da hayaƙi, kamar yadda aka gani a 2002 da 2011, wasu su kwashe 'yan kayansu su yi gaba har sai sama ta washe.

Likitoci ba su yi ittifaƙi a kan ciwon ba. Theron Randolph, likita a Chicago, shi ya fara magana a kansa tun shekarun 1950. A 2006 an buga nazarin gwaje-gwaje 37, wanda ya nuna cewa idan aka ɓoye warin sinadari sosai, masu ciwon ba sa bambance shi da iska zalla. A 2021 cibiyar kula da lafiyar jama'a ta lardin Quebec a Kanada ta danganta alamomin da fargaba mai daɗewa da ke sauya aikin ƙwaƙwalwa da jiki. Masu ciwon sun ƙi yarda da wannan, suna ganin hanya ce ta wanke hannu daga gare su.

Ni a ganina muhawarar ba ta cire wa kowa nauyi ba. Ko daga huhu ciwon ya taso ko daga ƙwaƙwalwa, babu mai barin aikinsa da danginsa ya koma jeji don sha'awa. Kuma ba kowa ke da kuɗin sayen fili a Arizona ba. A 2022 likitoci sun kawo ƙarshen rayuwar wata mata mai shekara 51 a Toronto wadda ta nemi a yi mata haka, bisa dokar Kanada da ta halatta hakan, bayan ta shafe shekaru tana neman gidan haya mai sauƙin kuɗi da hayaƙin taba da warin sinadaran goge-goge ba za su shigo mata ba. An amince da buƙatar mutuwarta, gidan kuwa ba ta samu ba.