Canza akwatin fis na gida a Dingyadi: Abubuwan da ya kamata ka sani

Idan zafin Afrilu ya kankama a ƙasar Sakkwato, ma'auni ya haura 40, da zarar an kawo wuta sai kowane gida a Dingyadi da Boɗinga da Shagari ya kunna duk abin da yake da shi a lokaci guda: fanka, firji, dutsen guga, injin jawo ruwa. Dalili kuwa babu wanda ya san lokacin da za a ɗauke. A irin wannan lokaci ne tsohon akwatin fis yake nuna gajiyarsa. Ya yi zafi, ya yi ƙauri, wuta ta yanke, sai maigida ya fara tambayar nawa za a kashe a canza shi.

Mene ne aikin akwatin?

Wutar da ke shigowa gida mai layi ɗaya bolt 230 ce. Daga mita take shiga akwatin, shi kuma ya rarraba ta zuwa fitilu da soket-soket. A tsohon tsari kowane layi yana da fis, wato siririyar waya a cikin farin tangaran, wadda aka yi ta don ta narke idan lodi ya fi ƙarfin wayoyin da ke cikin bango. Ƙonewar fis ke nan aikinsa ya yi.

Matsalar tana farawa ne ranar da aka gaji da canza shi. Sai a samo waya mai kauri, a murɗe sili uku ko huɗu, a ɗaure a gurbinsa, a ce an huta. Daga ranar fis ba zai sake ƙonewa ba, amma wayar da ke cikin silin ita za ta ɗauki zafin, kuma a gidan da aka yi rufi da katako da kwali, kowa ya san ƙarshen labarin.

Sabon akwati, wanda masu gyaran wuta ke kira di-bi, bireka yake amfani da ita. Idan lodi ya yi yawa sai ta faɗi, a rage kaya, a ɗaga ta. Akwai kuma wata babbar bireka mai suna RCD, wadda take yanke wuta cikin ƙiftawar ido idan ta ji wutar tana zurarewa ta wata hanya, misali ta jikin mutum. Ta gidaje ita ce mai lamba 30mA. Bireka ta yau da kullum waya take karewa, RCD ce mai kare rai, kuma ita ce aka fi tsallakewa don a rage kuɗi.

Yaushe canjin ya zama dole?

Idan tangaran ya yi baƙi ko ya tsage, ko ana jin ƙaurin roba, ko jikin firji da famfo yana jan mutum. Haka nan idan an ƙara ɗakuna ko an sa na'urar sanyaya ɗaki a kan wayarin da aka yi tun zamanin NEPA don ƙwan fitila da rediyo.

Ina naka ya tsaya, ina na kamfani ya fara?

Jihar Sakkwato tana ƙarƙashin kamfanin Kaduna Electric, tare da Kaduna da Kebbi da Zamfara. Wayar da ta sauko daga fal da mita da hatimin da ke jikinta hurumin kamfani ne. Abin da ya biyo bayan mita naka ne, gyaransa da kuɗinsa duk a wuyanka.

A wannan iyaka mutane suke faɗawa tarko. Mai gyara ya ce bari ya buɗe mita ya saki waya don ya yi aiki cikin sauƙi, ko ya ce zai zagaye ta da layin firji kawai. A umarnin da hukumar NERC mai sa ido kan harkar lantarki ta sabunta a Janairun 2025, taɓa mita ko zagaye ta a gida mai layi ɗaya yana jawo biyan naira 100,000 a karon farko, 150,000 idan aka sake. Mai layi uku kuwa 200,000 ne, sannan 300,000. Kuma maigida za a kama, mai gyara ya riga ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Idan aikin yana buƙatar a katse wuta daga sama, ofishin kamfani za a sanar su turo ma'aikacinsu.

Wa doka ta yarda ya yi aikin?

Hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015 kuma Dokar Lantarki ta 2023 ta ci gaba da ba ta iko, ita ce take ba masu aikin wayarin takardar shaidar ƙwarewa, ita ce kuma mai duba ingancin aiki. Ƙa'idojin yadda za a yi aikin suna cikin kundin da NERC ta fitar a 2015. A aikace, mafi yawan gidajen karkara yaron unguwa ne da ya koyi sana'a a wajen ubangidansa yake yi musu, kuma a cikinsu akwai masu hannu sosai. Duk da haka tambayar takarda ba raini ba ne. Wanda ba shi da ita, a nemi ya zo da mai ita ya gwada aikin da na'ura kafin a saki wuta.

Me ke cin kuɗin?

Akwatin kansa shi ne mafi araha a lissafin. Kuɗin yana tafiya ne a kan yawan bireka, da RCD, da waya, da sandar atin, da ladan mai aiki, da kuɗin mota zuwa Sakkwato sayo kaya. Galibin bireka daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, farashinsu bai zauna wuri ɗaya ba. Don haka lissafin da maƙwabci ya yi bara ba zai yi maka aiki ba. Ka sa a rubuta maka kowane kaya da sunan kamfaninsa da farashinsa daban, ladan aiki daban, ka kuma ji ta bakin mutum biyu.

Inda lissafi yake tsalle shi ne idan aka buɗe aka ga wayoyin bango sun bushe ko sun yi siriri. Bireka daidai da kaurin waya ake sa ta: waya mai 1.5 ta fitilu tana tafiya da bireka mai amfiya 6 ko 10, mai 2.5 ta soket da mai 20. Wanda ya sa maka mai 32 a kan siririyar waya don kada ta riƙa faɗuwa, ya maimaita ɗaurin fis ɗin nan ne a cikin sabon akwati.

A kula da jabun waya. Akwai wadda sanholo ce aka shafa wa jan ƙarfe. Ka kankare bakinta da reza, idan fari ya bayyana ka ajiye musu kayansu. Kamfanonin gida irin su Cutix da Coleman da Nigerchin sun yi suna, abin da ya sa ake kwaikwayon tambarinsu, don haka a saya a shagon da za a iya komawa. Akwatin ƙarfe kuma ya fi na roba; a Ingila tun 2016 aka wajabta duk sabon akwatin da za a sa a gida ya zama wanda ba ya cin wuta.

Atin da busasshiyar ƙasa

Atin sandar ƙarfe ce da ake kafawa a ƙasa, a haɗa ta da akwatin, don wutar da ta ɓace hanya ta bi ta can. A yankinmu ƙasa yashi ce, kuma tana yin wata bakwai ko fiye ba ta ga ruwa ba, busasshen yashi kuwa ba ya karɓar wuta da kyau. Shi ya sa masu aiki suke haƙa rami mai zurfi a inda ke da laima, su zuba gawayi da gishiri. Dabarar tana aiki, sai dai gishiri yana cin ƙarfe a hankali, don haka a bar wurin a inda za a iya tonowa a duba. Atin da aka gwada da damina, a sake gwada shi da bazara.

Janareta da sola

Gidan da ke da janareta ko inbata dole ya sa canjoba, wato makunnin da ke raba wutarsu da layin kamfani, a lissafi. Masu cusa wayar janareta a soket suna mayar da wuta kan layin kamfani, inda wani ma'aikaci zai iya kasancewa a kan fal yana ganin an ɗauke wuta.

Kafin ka biya cikon kuɗin aiki, ka sa mai gyara ya danna maɓallin gwaji da ke jikin RCD a gabanka. Idan wutar gidan ba ta yanke nan take ba, aikin bai ƙare ba.