Gwajin CRP na farko ba ya wanke jariri

Jaririn da ya kwana 3 a asibiti, sai ya ƙi nono, jikinsa ya yi zafi ko sanyi, mai yiwuwa a ɗakin jinya ya kwashi ƙwayar cuta. Ba a tabbatarwa sai an reni ƙwayar daga jininsa a ɗakin gwaji irin na Centre Pasteur da ke Garwa, aikin kwana 2 zuwa 3, ga nisan hanya daga Poli.

Shi ya sa likitoci ke auna CRP, sinadarin da hanta ke fitarwa idan cuta ta shiga jiki. Sai dai yakan yi awa 6 ko fiye kafin ya hau, don haka sakamakon farko kan yaudari iyaye. Ana sake gwajin bayan awa 24, kuma ba a jiransa kafin a fara allura.